Nahawun Ingilishi da Karatun Kimiyya: Darasi Daga Gonakin Funtuwa da Malumfashi

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta ratsa Bakori zuwa Malumfashi a ƙarshen damina, zai ga masara da dawa da auduga da waken soya sun cika gonaki hagu da dama. Idan kuma ya shiga gari ya ɗaga kai ya dubi allunan shagunan sayar da taki da magungunan feshi, ba zai rasa ganin rubutu irin "Fertilizer are available hear" ba. Irin wannan ne ke sa tsofaffin malamai su girgiza kai su ce Ingilishi ya lalace, ɗan firamaren da ya fi ɗan sakandaren yau iya rubuta wasiƙa.

Kuskuren allon shago ba ya cutar da kowa, domin mai neman taki zai gane ko yaya aka rubuta. Amma raunin da ya haifar da kuskuren allo shi ne ke bin ɗalibi har cikin ɗakin jarrabawar bayoloji, shi ne kuma ke bin sa gona ranar da mahaifinsa zai miƙa masa kwalbar maganin feshi ya ce, "Kai da ka yi boko, karanta mana." Manufar wannan darasi ita ce a nuna wuraren da nahawun Ingilishi ke sauya ma'anar bayanin kimiyya, da dalilan da ke sa ɗalibi Bahaushe tuntuɓe a wuraren, da kuma hanyoyin gyara.

Girman matsalar

Da Ingilishi ake rubuta littattafan kimiyya na sakandare, da shi ake tsara tambayoyin hukumar WAEC da ta NECO, da shi kuma ake rubuta mafi yawan bayanan da ke jikin magungunan gona. A shekarar 2024 kashi 72.12 cikin ɗari na waɗanda suka zauna jarrabawar WAEC ta makarantu a Nijeriya ne suka sami kiredit biyar har da Ingilishi da lissafi. A 2025 hukumar ta fara bayar da kashi 38.32, daga baya ta gano kuskure a wajen maki ta gyara zuwa kashi 62.96. Ko da adadin da aka gyara aka ɗauka, fiye da kashi ɗaya cikin uku na ɗaliban ba su haye ba. Har ila yau, rahotannin manyan masu duba takardun bayoloji na hukumar sun sha kokawa kan kuskuren rubuta kalmomin fannu da rashin iya bayyana amsa cikin jimla madaidaiciya.

Sai dai adalci ya wajaba a wajen kwatanta jiya da yau. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a farkon shekarun 1920 kuma ta yi suna wajen koyar da Ingilishi, yara ƙalilan ne zaɓaɓɓu take ɗauka daga duk faɗin Arewa. Shirin ba da ilimin firamare ga kowa na 1976, da wanda ya biyo bayansa a 1999, sun buɗe ƙofar makaranta ga miliyoyin yara. Wannan ci gaba ne, amma yawan ƙwararrun malamai da littattafai bai tafi kafaɗa da kafaɗa da yawan yaran ba. Saboda haka masu jin Ingilishi a yau sun ninka na da nesa ba kusa ba, illa dai da yawansu ba a gina musu harsashi mai ƙwari ba.

Haka kuma ba kowane bambanci da Ingilishin Ingila ne kuskure ba. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Ingilishin Nijeriya, ciki har da "Kannywood". Abin da ya shafi ɗalibin kimiyya shi ne kuskuren da ke juya ma'ana. Ga guda shida daga cikinsu.

Na ɗaya: wa ya aikata, wa aka aikata wa?

Manoman wannan yanki sun san wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, ciyawar nan mai fure ja-ja da ke tsotse dawa da gero da masara. Sunanta a kimiyyance Striga hermonthica. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10, kuma ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar amfanin gona ke fitarwa. Da ya tsiro sai ya manne wa saiwar ya riƙa zuƙe ruwa da abinci.

A dubi waɗannan jimloli biyu: "Striga attacks maize" da "Maize is attacked by Striga". Ma'anarsu ɗaya ce, wato wuta-wuta ce ke cin masara. Amma a jimla ta biyu an gabatar da wanda aka aikata wa aikin, an kai mai aikin ƙarshe bayan kalmar "by". Hausa ba ta saba da wannan gini ba. Idan Bahaushe zai ambaci mai aiki, a farko yake sa shi, idan kuma ba zai ambace shi ba sai ya ce "an cinye masara". Saboda haka ɗalibin da bai lura da "is" da "-ed" da "by" ba yakan ɗauki sunan farko a matsayin mai aiki, ya fahimci cewa masara ce ke cin wuta-wuta. Littattafan kimiyya kuwa cike suke da irin wannan gini. Wanda ya karanta "Oxygen is absorbed by the blood" a juye ya rushe darasin numfashi gaba ɗaya. Dabarar ita ce, duk inda aka ga "by" bayan aikatau irin wannan, a nemi mai aiki a bayanta.

Na biyu: ƙananan kalmomi masu babban aiki

Kalmomi irin su "from" da "to" da "by" da "per" da "within" gajeru ne, shi ya sa ido ke tsallake su. Amma Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙunƙumi ne.

A darasin "osmosis" ana koyar da cewa ruwa yana ratsa tantanin ƙwayar halitta daga gefen da abin da aka narkar bai da yawa zuwa gefen da ya fi yawa. Duk ma'anar tana rataye ne a kan "from" da "to". Wanda ya sauya musu wuri ba zai taɓa gane dalilin da ya sa takin zamani ke ƙone ƙaramar masara idan an zuba shi dab da gindinta ba. Dalilin shi ne, takin da ya narke yakan sa ruwan ƙasar da ke kewaye da saiwa ya fi na cikin saiwar gishiri, sai ruwa ya riƙa fita daga saiwar maimakon ya shiga, shuka ta yi yaushi.

A ɗakin gwaje-gwaje kuma akwai dokar da ke cewa "Add acid to water". Asid ake zubawa sannu a hankali cikin ruwa. Idan aka juya aka zuba ruwa cikin asid mai ƙarfi irin na salfa, zafin da zai taso nan take yana iya sa shi ya tafasa ya fantsamo a fuska.

Ga misali daga gona, wanda aka tsara domin wannan darasi kawai. A ƙaddara an rubuta a jikin kwalbar maganin ciyawa: "Apply 2 litres per hectare in 200 litres of water." Manomi yana da injin feshi na goyo mai cin lita 20. Lita 200 na ruwa goyo 10 ke nan, don haka za a raba lita 2 na magani gida 10, kowane goyo ya sami mililita 200. Wanda bai san aikin "per hectare" ba ya juye lita 2 cikin goyo ɗaya ya ninka ƙa'ida sau 10, ya yi asarar kuɗi, wataƙila ya ƙone shukar, ya kuma jefa lafiyar mai feshi cikin haɗari.

Haka nan "Do not harvest within 14 days of spraying" na nufin kada a girbe sai kwana 14 sun cika bayan feshi. Wanda ya tsallake "not", ko ya ɗauka ana nufin a girbe kafin kwanakin su cika, zai kai tumatir mai ɗauke da ragowar guba kasuwa. Wannan ya shafi masu noman rani irin na Ɗanja ƙwarai, musamman tun daga 2016 da tsutsar tumatir Tuta absoluta ta yi ɓarna a Arewa, shekarar da kuma aka fara ganin tsutsar masara Spodoptera frugiperda a Nijeriya. Ƙwarin biyu sun ƙara yawan feshi. Batun ragowar guba kuwa ba ƙarami ba ne: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin "dichlorvos" da aka samu a jikinsa. Rashin fahimtar rubutu ba shi kaɗai ne sanadi ba, amma manomin da aka karanta wa ƙa'ida daidai ya fi kusa da bin ta.

Na uku: tilo da jam'i

Kalmomin bayoloji da yawa daga Latin da Girkanci suka fito, ba sa bin dokar ƙara "s". Tilo "bacterium", jam'i "bacteria". Haka "fungus" da "fungi", "larva" da "larvae", "nucleus" da "nuclei", "stoma" da "stomata", "ovum" da "ova". Kalmar "species" kuwa ba ta sauyawa. Kuskure ne a ce "a bacteria" ko "bacterias". A wajen zane, idan layin nuni ya taɓa abu ɗaya, da tilo ake rubuta sunansa. Bai kamata wannan ya tsoratar da Bahaushe ba, domin harshensa ya fi Ingilishi yawan hanyoyin jam'i. Wanda ya riƙe cewa jam'in akuya awaki ne, na sa shanu, na dutse duwatsu, ba zai kasa riƙe jam'in "larva" ba.

Sunayen kimiyya ma suna da tasu ƙa'ida, wadda ta samo asali daga littafin da masanin Suwidin Carl Linnaeus ya wallafa a 1753. Kowane suna kalma biyu ne, ta farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami, kuma a rubutun hannu ana ja wa kowace layi a ƙarƙashi daban. Masara Zea mays ce, dawa Sorghum bicolor, wake Vigna unguiculata, audugar da aka fi nomawa kuma Gossypium hirsutum.

Na huɗu: kalma ɗaya a Hausa, kalmomi da yawa a Ingilishi

Aikatau "ji" yana ɗaukar sauti da wari da ɗanɗano da zafi da fahimta. Ingilishi ya raba su: "hear", "smell", "taste", "feel", "understand". Ɗalibin da ya rubuta "I heard the smell of ammonia" a rahoton gwaji, Hausa ya yi da kalmomin Ingilishi. Haka "sha": ana shan ruwa, ana shan ƙwayar magani, ana shan mangwaro, saiwa ma tana shan ruwa, amma a Ingilishi "drink" ne da "take" da "eat" da "absorb".

Mafi muhimmanci a fannin lafiya shi ne bambancin "cause" da "transmit", waɗanda a maganar yau da kullum duk akan ce "kawo". Sauro ba shi ne ke haddasa zazzaɓin cizon sauro ba, ƙwayar Plasmodium ce, macen sauron Anopheles ɗauko ta take yi daga wani ta kai wa wani. Haka cutar tsargiya, wadda na cikin cututtukan da masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello da birnin Liverpool na Ingila suka yi nazari a kansu a yankin Malumfashi cikin shekarun 1970. Tsutsar Schistosoma haematobium ce ke haddasa ta. Ƙananan dodon koɗi na ruwa masauki ne kawai, daga jikinsu 'ya'yan tsutsar ke fitowa su huda fatar mai wanka a kududdufi ko madatsar ruwa. Wanda ya gane wannan bambanci ya san inda za a datse cutar.

Wani lokaci kuma Hausa ce ke taimakawa. Bambancin "venom" da "poison" ya yi kusa da bambancin dafi da guba: kububuwa dafi take zubawa ta hanyar sara, maganin ɓera kuwa guba ne da ke kisa idan an ci.

Akwai kuma matsalar furuci da ke gangarowa cikin rubutu. Hausa ba ta bambanta sautin "p" da "f", saboda haka "leaf" kan koma "leap", "pull" ta koma "full". Ganye ne ake nufi, sai aka rubuta tsalle.

Na biyar: lokaci da gwargwado

Gaskiyar da ba ta sauyawa ana faɗar ta da lokaci na yanzu: "Plants produce oxygen in sunlight." Abin da aka yi a gwaji kuwa da shuɗaɗɗen lokaci: "The leaf was boiled in water." Gauraya su yakan sa mai dubawa ya kasa sanin ko ɗalibi doka yake faɗi ko abin da ya gani da idonsa.

Kimiyya kuma ba ta son wuce gona da iri, shi ya sa take yawan amfani da "some" da "most" da "may". "Some bacteria cause disease" gaskiya ce. Idan aka cire "some" sai jimlar ta yi wa sauran ƙazafi, alhali akwai bakteriyar Rhizobium da danginta da ke zaune a ƙulle-ƙullen saiwar gyaɗa da wake da waken soya suna ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, akwai kuma waɗanda ke mayar da madara kindirmo.

Na shida: kalmomin umarni a jarrabawa

"List" na neman jero sunaye kawai. "State" na neman gajeriyar jimla. "Describe" na neman yadda abu yake, "explain" kuma dalilin da ya sa yake haka. "Distinguish between" na neman bambanci, kuma dole kowane bambanci ya taɓo ɓangarorin biyu. Ɗalibi yana iya sanin darasi sarai ya rasa maki saboda ya amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Tushen raunin

Dalili na farko shi ne harsashi. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshensa ko harshen yankinsa, daga baya a koma Ingilishi. A makarantu da yawa ba a samar da littattafai da horon da za su sa hakan ya yiwu ba, sai yaro ya fito bai ƙware da karatun Hausa ba, bai kuma kama Ingilishi ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida, aka kuma koya musu Ingilishi a matsayin darasi a hannun ƙwararru, ba su gaza takwarorinsu ba har a Ingilishin. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a duk firamare, sannan a watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan tsari. Ko wace manufa aka bi, ba za ta yi tasiri ba sai da malamin da ya iya harshen da yake koyarwa da shi.

Dalili na biyu shi ne katsewar karatu. Annobar korona ta rufe makarantu watanni a 2020, a watan Disambar shekarar kuma aka sace ɗalibai fiye da 300 a Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, abin da ya jawo rufe makarantun kwana a jihar na wani lokaci. Harshe na biyu kuwa kamar shuka yake, idan aka daina ban ruwa sai ya bushe.

Na uku shi ne ƙarancin karatun littattafai. Saƙonnin waya sun saba wa matasa da rubuta "u" da "bcos", hannu kuma abin da ya saba da shi yake rubutawa ranar jarrabawa.

Hanyoyin gyara

Ga malamin kimiyya: kada a bar wa malamin Ingilishi nauyin shi kaɗai. Minti biyar a farkon darasi sun isa a rubuta sababbin kalmomi da jam'insu a allo. Babu laifi a warware batu mai wuya da Hausa har a tabbatar an gane, sannan a sa ɗalibai su rubuta shi da cikakkun jimlolin Ingilishi. Yana da amfani kuma a kwafo rubutun jikin buhun taki ko kwalin iri, irin na masarar SAMMAZ da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ke fitarwa, a sa aji ya fassara. Kwalbar maganin feshi kuwa, ko babu komai a ciki, ba a kawo ta aji.

Ga ɗalibi: a keɓe ƙaramin littafi mai gida uku, kalma da ma'anarta da Hausa da jimlar misali. A karanta shafi ɗaya na littafin bayoloji a bayyane kowace rana. A ɗakin jarrabawa a ja layi ƙarƙashin kalmar umarni da "not" da "except" kafin a fara amsa.

Aikin gwaji

1. A fassara zuwa Hausa: "Pollen grains are carried by insects."
2. A ba da jam'in "alga" da "pupa".
3. Mene ne bambancin "increase by 5 grams" da "increase to 5 grams"?
4. An rubuta "3 litres per hectare in 300 litres of water". Mililita nawa za a zuba a goyo mai cin lita 15?

Amsoshi: Ta ɗaya, ƙwari ne ke ɗaukar garin fure. Ta biyu, "algae" da "pupae". Ta uku, na farko ƙarin giram 5 ne a kan abin da ke akwai, na biyu kuwa a ƙara har jimillar ta kai giram 5. Ta huɗu, goyo 20 za a yi, kowanne mililita 150.

Kammalawa

Tun daga zamanin injunan gurzar auduga, har zuwa shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da aka fara da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, noman wannan yanki yana ƙara dogaro da sabon iri da taki da magani, kuma kowannensu da rubutacciyar ƙa'idarsa yake zuwa. A gidaje da yawa ɗan sakandare ne ake miƙa wa takardar ya karanta. Saboda haka kyautata nahawun Ingilishi ba raina Hausa ba ne, ba kuma neman burge jama'a ba ne. Ɗalibin da ya iya bambance "to" da "from" ya kare makinsa a jarrabawa, ya kuma kare gonar gidansu da lafiyar waɗanda za su ci abin da aka noma.